Allon Alhamis na Malama Bara'atu

A Babban Duhu idan mace ta yafa mayafi ta ce za ta gidan Malama, ba a tambayarta wace Malama. Bara'atu ce, 'yar Malam Armaya'u na Zakka, matar marigayi Malam Nurain. A zauren mahaifinta ta sauke Alƙur'ani tare da 'yan'uwanta maza, aka kawo ta Babban Duhu amarya shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, tun daga nan kuma ba ta taɓa yin wata guda a wani gari ba. Da hantsi tana biya wa matan aure karatu. Amma abin da ya sa aka san ta har Batsari ba karatun ba ne, kunnenta ne.

Mace takan shigo ta gaishe ta, a tambayi gida da yara da ruwan bana, sannan ta hau murza bakin zane. Malama ba ta gaggauta kowa. Idan maganar ta fito, ta rashin haihuwa ce, ko ciwon da ake jin kunyar faɗa wa miji, ko 'yar da ta ƙi jin magana, sai ta ce, "Sunanki da sunan mahaifiyarki." Haka ta ga mahaifinta yana yi wa duk mai neman addu'a. Ta rubuta su da ajami a wani allo na daban wanda yake kwana a ƙarƙashin gadonta, fuskarsa a ƙasa. Duk Alhamis bayan la'asar ta ɗauko shi ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wadda Allah ya biya wa buƙata, sai ta wanke layinta, ta zuba ruwan a gindin lallen da ke bayan ɗaki. Shekara arba'in Malam Nurain ya yi da ita, ya rasu bai san me ke jikin allon nan ba.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da fari tana kai allon bakin ƙofa ta karanta, daga baya ko a tsakar rana layukan sun zama kamar sawun kiyashi. Ta koma dogaro da ka, kan kuma ya fara yi mata gardama. Wata Alhamis ta haɗa wata mata da uwar wata, ba ta gane ba sai da ta shafa addu'a. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Autanta Muntasir, wanda ke aiki a Kaduna, ya zo hutun ƙaramar salla ya tarar da ita a haka. Ya hau babur ya tafi kasuwar Safana ya dawo da waya mai shafe-shafe, wani ya taɓa amfani da ita amma mai kyau ce, an riga an shirya komai a cikinta.

"Inna, wannan ba sai kin gani ba. Ki danna nan, ki yi magana. Akwai murya a ciki, ita za ta riƙe miki, ta tuna miki ranar da kika ce."

"Wa ya haife ta?"

"Inna, na'ura ce."

"To wa take kai wa rahoto? Kowace 'yar aike tana da uwar ɗaki, Auta."

Ya yi dariya ya ce ba kowa, abin yana cikin wayarta, wayar kuma tana hannunta. Shi ma iyakar saninsa ke nan.

Malama ba ta ɗauki maganarsa haka nan ba. Tana da hanyar da take gwada duk matar da ta nemi zama kusa da ita: ta ba ta sirrin ƙarya, ta zuba kunne. Idan ya dawo mata daga bakin rijiya, ta san da wa take zaune. Bayan Muntasir ya koma, ta rufe ƙofa ta danna inda ya nuna mata.

"Ke 'yar nan, ki tuna min duk Alhamis. Ni Bara'atu ta Malam Nurain a Babban Duhu, zan auri ladanin Zakka bayan girbi."

Ladanin nan ya haura tamanin, haƙori biyu suka rage masa. Da a ce maganar ta fita, da kafin azahar an fara shirya mata waƙa. Ta jira Alhamis ɗaya, ta jira ta biyu, ta cika wata. Shiru. Muryar dai takan tashi bayan la'asar da Hausarta mai kama da ta baƙon da ya koya a littafi, ta tuna mata da auren ladan, ita kuma ta yi dariya ita kaɗai.

"'Yar nan ta fi wasu masu carbi riƙon amana," in ji ta.

Daga nan ta kwashe abin da ke kanta ta ba waya. Suna, sunan uwa, buƙata. Aikin Alhamis ya dawo daidai, har ta riƙa sa wa muryar albarka.

Da damina ta faɗi, Indo ta zo. Maƙwabciya ce ta shekara talatin, mijinta ya rasu, tana sayar da daddawa. Kowa a gari ya san ɗanta Sadisu yana Legas yana acaɓa, haka take faɗa. Ranar sai da ɗalibai suka watse, ta leƙa tsakar gida sau biyu, sannan ta matso har gwiwarta ta taɓa ta Malama.

"Malama, Sadisu ba ya Legas."

Yana daji. Shekara ɗaya ke nan da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona, suka ga ya iya gyaran babur, suka riƙe shi. Yanzu ita ma ba ta san ko kamamme ne ko ya zama nasu ba. Amma ya aiko mata da saƙo ta bakin wata mai tallan nono cewa yana neman hanyar gudu.

Ba sai an yi wa Malama bayani ba. Idan gari ya ji, 'yan sa-kai ba za su tambayi yadda aka yi ya shiga ba, gidan Indo za a fara zuwa. Idan daji ya ji yana shirin gudu, ba zai ga wata Juma'ar ba.

"Daga ni sai ke sai Allah," in ji Indo.

"Daga ke sai ni sai Allah," Malama ta amsa.

Da Indo ta fita, ta danna waya ta faɗa a hankali: Indo 'yar Asama'u, ɗanta Sadisu yana daji, yana son ya gudo, Allah ya buɗa masa hanya. Duk Alhamis. A ranta ba ta ƙara na huɗu ba. Allo ta rubuta wa.

Gero ya shiga rumbu lokacin da Maude ya zo. Mahauci ne a Safana, ɗan kawunta, taubashinta, mutumin da bai taɓa gaishe ta ba tare da tsokana ba. Ya zo sayen awaki, ya biyo da ƙullin kilishi. Tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina amarya? An yi girbi fa! Ashe tsohuwar zuma za a yi magani da ita ba mu sani ba?"

"Kai dai ba ka girma, Maude. Wace amarya?"

"Ta ladanin Zakka mana. In haƙori ne matsalar, ni ina da shida, sai ki duba ni."

Carbin da ke hannunta ya tsaya. Wata bakwai ke nan, ba ta faɗa wa mai rai ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Wayata." Ya ce tun da ya saye ta, duk Alhamis sai ta yi ƙara rubutu ya cika fuskarta, shi kuwa bai iya boko ba, sai ya ture shi gefe. Makon jiya ne ta yi ƙara daidai lokacin da wani malamin firamare yake tsaye yana jiran tsire, ya karɓa ya karanta da ƙarfi. Mutanen tukuba suka yi ta dariya har wani ya ƙware.

"Me kuma ya karanta?"

"Akwai sunayen mata rututu. Ya karanta biyu ko uku, na ce ya bari, wannan ba na maza ba ne."

"Waɗanne?"

Maude ya kalli fuskarta, dariyar ta bar tasa. "Wallahi ban riƙe ba, Yaya. Ina juya nama."

Bai taɓa ce mata Yaya ba. Ya ajiye kilishin ya fita ba sallama mai tsawo.

Ta ɗauko wayar ta danna. "Ke 'yar nan, ki manta. Duk abin da na gaya miki ki manta." Ranar babu sabis, kamar yadda yakan yi kwana biyu babu. Muryar ta ce ba ta iya haɗawa ba, a sake gwadawa. Ta sake, ta sake. Ba ta iya kiran Muntasir ba, ba ta kuma iya miƙa wa wani a gari ya duba mata, don duk mai dubawa mai karantawa ne. Ta san waya ba allo ba ce. Amma a duk rayuwarta ba ta taɓa ganin rubutun da ya rayu bayan abin da aka rubuta shi a kai ya mutu ba. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta yi bisimilla, ta nutsa wayar, ta bar ta har aka kira magariba. Ruwan ta zuba a gindin lalle.

Kwana uku bayan haka ta shiga a-kori-kura zuwa Safana, don ta tabbatar. A rumfar da Muntasir ya yi sayayya ta sami Nazifi mai gyaran waya. Ya ba ta kujerarsa, ya buɗe bayan wayar, ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ta riga mu gidan gaskiya."

"Alhamdu lillahi. To abin da ke cikinta ma ya mutu ke nan."

Ya ajiye abin kwance ƙusa. Ya ce ba a cikinta yake ba. Abokin sana'arsa Mamman, wanda ya sayar da wayar, yana da wata dabara: mutane ba sa son jiran buɗe imel, wasu ba su san shi ba, sai ya buɗe guda ɗaya ya sa a duk tsohuwar wayar da zai sayar, mai saye ya tafi da ita a shirye.

"Kamar rumbu ɗaya ne, Hajiya, mai ƙofofi da yawa. Abin da kika zuba ta ƙofarki, duk mai ƙofa yana iya gani. Da kin kawo ta da rai, da ta nan zan shiga in share, ya ɓace wa kowa."

"Ta Maude fa? Tasa tana da rai."

Nazifi ya sunkuyar da kai. Shekaranjiya da sassafe Maude ya zo ya ce a cire masa wannan abin, ba ya son ganin asirin mutane. An wanke wayar tas, an sa masa imel nasa.

"Mamman ɗin?"

"Ya tafi Agadas tun kafin babbar salla. Layinsa ba ya shiga. Lambar sirrin tana kansa."

"Ƙofofin nawa ne?"

"Talatin, ko arba'in. Yana bin kasuwanni, nan da Batsari da ƙauyuka, ba ya rubuta sunan kowa." Ya rage murya. "Kin san kuma yadda hanya take. Wasu wayoyin an ƙwace su, suna daji."

Ta ce a yi cigiya, duk wanda ya sayi waya wurin Mamman ya kawo. Tana rufe baki ta ji amsar da kanta, kafin ya faɗa. Yawancinsu turewa suke ba su karanta ba, kamar Maude. Ranar da aka yi cigiya, wanda bai taɓa dubawa ba zai duba. Nazifi ya yi alkawarin idan Allah ya kawo ɗaya gyara zai share. Ta tambaye shi ko ya karanta kafin ya wanke ta Maude. Ya rantse bai karanta ba. Idonta bai isa ya ga fuskarsa ba.

Ba ta shiga gidanta ba sai da ta biya gidan Indo. Ta same ta tana shanya kalwa. Ta ƙi tabarma, ta tsuguna a ƙasa, ta faɗa mata komai, har da ladan.

"Wa ya sani yanzu, Malama?"

"Ban sani ba."

"Gari ko daji?"

"Ban sani ba, Indo."

Indo ta ci gaba da baza kalwar da tafin hannu, ta kai ƙarshen tabarma ta dawo. Ba ta zage ta ba, ba ta yi kuka ba.

"Kin dai yi masa addu'ar?"

"Ban tsallake Alhamis ko ɗaya ba."

"To ki ci gaba."

Kafin mako ya zagayo an ga kwaɗo a ƙofar Indo. Aka ce ta tafi Batsari wurin 'yarta jinyar ƙafa. Ko da Sadisu ya gudo, gidan da zai buga a rufe yake, kuma babu wanda zai bar masa saƙo.

Har yau ba wanda ya zo ya yi maganar. Mata suna zuwa, ba kamar da ba, ita kuma ba ta san ko rani ne ya rage su ko wani abu suka ji. Muntasir ya ce zai sayo wata wayar da imel nata ita kaɗai, ta ce ya bari. Yanzu tsakuwa take tarawa a gwangwani, kowace mace da tata, tana gane su da taɓi. Ta Indo mai kaifi ce ta gefe ɗaya.

Duk Alhamis idan ta idar da la'asar takan ɗan dakata kafin ta buɗe gwangwanin. Ta san a daidai lokacin wayoyi suna ƙara a aljihun mutanen da ba ta sani ba, a kasuwa, a gona, wataƙila a gindin wata bishiya can cikin daji. Sai ta fara da roƙon da ba ta taɓa yi wa kowa ba a shekara hamsin na wannan aiki: Allah ya sa hannun da zai ɗauka bai iya karatu ba.