Busasshen Idon Mai Walda

Mai walda ba ya kuka, kuma ya fi alfahari da hakan a kan duk ƙofofin da ya ƙera. Ranar da aka binne mahaifinsa ma ƙifta ido kawai ya yi. Matarsa mai saurin hawaye kuwa, Famfo yake ce mata.

Yana da tabarau na aiki, amma a goshi yake ajiye shi, wai baƙin gilashi yana hana shi ganin bakin ƙarfe. In ido ya yi ja, ya kafa fuska gaban fankar shago, ya goge da hannun riga. Shekara da shekaru a haka, har idanun suka bushe ƙamas.

Wata rana ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa masa a idon hagu. Ya zaro shi da maganaɗisu, yadda ubangidansa ya koya masa, ya ci gaba da aiki. Ba a jima ba ya wayi gari ido a manne da mugunya, ga farin tabo a tsakiyar baƙin. Ya rufe na dama ya dubi matarsa, sai inuwa kawai ya gani. Makaho zai yi walda? Da me zai ciyar da yara?

A asibiti likitar ido ta haska masa fitila.

"Malam, hawaye ba ruwa kawai ba ne," in ji ta. "Akwai wasu ƙananan furotin a ciki masu gadin ido. Wani yana fasa jikin ƙwayar cuta, wani yana ƙwace sinadarin ƙarfen da take rayuwa da shi. Naka sun ƙafe, shi ya sa cutar ta samu ƙofa a buɗe."

"Likita, makancewa zan yi?"

"Na hagun za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ban yi maka alkawari ba. Na daman ka riƙe shi da kyau."

A bencin waje ya zauna yana ɗaga tafin hannunsa, ko zai iya rarrabe yatsunsa da na hagun. Sai ya ji wani ɗumi yana gangaro masa a kumatu. Kunya ta kama shi, ya ɗaga hannun riga zai goge.

Matarsa ta cafke hannun.

"Baban yara, bar su," ta ce, nata ma suna zuba. "Ai ka ji abin da ta ce."