Baba Sai-Gobe, Masinjan da Ke Barin Takarda Ta Huce

Kafin ƙarfe bakwai Baba Sai-Gobe ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin malamai. Ya buɗe tagogi, ya jona butar shayi, sannan ya zauna a ɗan teburinsa na bakin ƙofa, ƙarƙashin tsohuwar fanka mai kukan tsiya. Shi ne masinjan kwalejin. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A kan teburin akwai wani tsohon kwaɗon ƙofa da makullinsa ya ɓata tuntuni. Da shi yake danne takardu, amma ba kowace ba. Ta neman hutu ko ta asibiti, ko zama ba ya yi sai ya kai. Wadda aka miƙo masa ido ya kaɗa ya yi ja, ita ce mai kwana a ƙarƙashin kwaɗo. Ya kan ce takarda kamar ƙarfe take, in ta fito daga wuta ba a ɗaukarta nan take. Daga nan sunan Sai-Gobe ya bi shi.

"Baba, da kai mutuwa ke aika, ai da mun tsira," in ji malamai.

"Ku dai ku gama makin jarrabawa tukuna," in ji shi.

Waɗanda suka daɗe a kwalejin suna tuna wata shekara da zuciyar kowa ta yi baƙi. Ƙarin girma ya tsaya, aji ɗaya ɗalibi ɗari biyu, a ɗakin malamai gaisuwa ma da ƙyar. Ana cikin haka takardun jarrabawar aji guda suka ɓace. Shugaban sashe ya miƙe a taro, gaban manya da ƙanana, ya ɗora laifin a kan malamar lissafi, matar da ta yi shekara goma sha biyu ba a taɓa kama ta da ko latti ba. Ta fito, ta rubuta takardar barin aiki a tsaye.

"Baba, ofishin magatakarda. Yanzu-yanzu. Ka ji na ce yanzu."

"Na ji, 'yata."

Ya ɗaga kwaɗo ya danne. Ba a jima ba shugaban sashe ya iso da tasa, takardar tuhuma a kanta. Ita ma ya danne.

Washegari asiri ya tonu, don shugaban ya tambaya a ofishin magatakarda an ce ba a ga komai ba. Ya zo yana huci. "Kai wane ne da za ka riƙe takardar hukuma? Masinja ne kai ko alƙali?" Malamar ma da ta ji, ranta ya ɓaci. "Haba Baba, ka maishe ni ƙaramar yarinya ke nan?"

Baba ya shimfiɗa takardun biyu a gabansu. "Ranka ya daɗe, ga su nan. Hanyar ɗaya ce. Ku gaya mini wadda zan ɗora a sama."

Shugaban ya karanta ta malamar. Ya ninke tasa ya sa a aljihu, ya ce a sake duba ofis tukuna. Kafin la'asar aka zaro takardun jarrabawar a bayan kabad ɗin shugaban, inda suka zame suka faɗa. Malamar ma ta janye tata.

To, a nan mai tunani yake tsayawa. Amana aka ba bawan Allah nan, bai isar ba. Da kowane masinja zai zaɓi abin da zai kai, ina kwaleji? Kyawun ƙarshe ba ya wanke laifin farko. Magatakarda ma haka ya gani, ya rubuta masa gargaɗi. Da yake babu wani masinja, shi da kansa ya ɗauko takardar, ya sa hannu a littafin karɓa nan take.

"Baba, wannan ba za ta kwana ba?" wani ya tsokane shi.

"Ba da fushi aka rubuta ta ba. Na yi laifin."

Takardar nan ita ta hana shi ƙarin girmansa na ƙarshe, bai taɓa ƙorafi ba. Sai dai daga ranar ya daina yanke wa kowa hukunci. In an miƙo mai zafi, sai ya dubi mutum ya ce, "Yau ko gobe?" Abin mamaki, kusan kowa gobe yake cewa.

Kai ne, Baba, ruwan sanyi a bakin ƙofa. Kai ne ka gane cewa wurin aiki ba ya rushewa rana ɗaya, takarda-takarda yake mutuwa. Ka yi kuskure don wasu, ka biya da kanka, ka kuma gyara. Mun gode, Allah ya saka, ya sa ka huta lafiya cikin jikokinka. Mu da muka rage, masu tura saƙo kafin numfashi ya dawo, kowa ya nemi abin danne tasa.

Malamar lissafi, wadda yanzu ita ce shugabar sashe, ta zo jiya ta durƙusa a gaban teburin, ta roƙe shi ya bar mata kwaɗon. Baba ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallonsa.

"Sai gobe, 'yata."