Baƙin Garin Malam Titus

Kowace safiya Malam Titus yakan goge kekensa, ya sa ƙaramar wuƙa a aljihu, ya bar unguwar Herwagana zuwa gonakin bayan unguwar Malam Inna. Malamin gona ne, Batangale, shekararsa goma sha huɗu yana wannan aiki, manoma kuwa ba su taɓa kama shi da ƙarya ba.

A daminar 1977 ya shawo kan mutum tara su shuka waken soya ba tare da takin zamani ba. Ya raba musu wani baƙin gari mai ɗauke da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Akan cuɗa shi da iri da ruwan ƙaro a inuwa. In shuka ta fito, ƙwayoyin sukan yi ƙululu a saiwa, su jawo mata abinci daga iska. Abu guda ne ba sa jurewa: zafi.

Ran nan ya tarar da gonar Bamanga, dattijon da ya fara amincewa da shi, ta yi ɗorawa. Ya tuge shuka ɗaya, ya tuge goma. Saiwa sumul, babu ƙululun da zai tsaga ya duba.

Ya wuce ofis wurin Jalo, mai kula da sito, abokinsa tun makarantar aikin gona, mai tsokanarsa da sunan fasto.

"Jalo, ina ka ajiye garin nan kafin ka ba ni?"

Jalo bai ɗago kai ba. "Takin gwamnati ya zo, tirela uku. Ɗaki mai sanyi ya cika. Na mayar da shi rumfar kwano."

"Kwana nawa?"

"Duk watan Afrilu."

"Tare muka karanta. Ka san ya mutu."

"Na sani. To, in mayar wa gwamnati da shi a tuhume ni? Haba, fasto, ka ce musu ruwa ne bai yi ba."

Titus ya juya ya fita.

Gida tara ya bi ran nan, yana faɗin gaskiya. Waɗansu suka zage shi. Bamanga kuwa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Malam. Baɗi kada ka wahalar da kanka zuwa."

Da la'asar Titus ya koma gonar, ya girgiza allon gwajin da ke ɗauke da sunansa har ya tuge, ya ɗaure shi a bayan keke.