Ledar Inna da Rowar Yaya Rabi

Damina goma sha huɗu ke nan tun da muka raka Yaya Rabi makwancinta, amma har yau in na ga tsohuwa riƙe da baƙar leda a layin asibiti, sai ta faɗo mini a rai.

Yayata ce, 'yar farin gidanmu, likita a wani asibitin gwamnati a Kubwa, cikin babban birnin tarayya. A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai ya wadata, ma'aikata suka sami inshorar lafiya, likitan kirki a idon jama'a shi ne mai cika takarda gaba da baya, ya ɗora da allura. Ita kuwa sai ta ishe ka da tambaya, sannan ta rubuta magani ɗaya ko biyu. Wani ma ta ce ya je ya huta kawai, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Matan unguwa suka laƙaba mata Likita Marowaciya. Mu ma a gida muka karɓe, muna tsokanarta ko ita ke sayen tawadar biron.

Tana da al'ada guda: ba ta rubuta komai sai ka kwaso duk maganin da ke ɗakinka ta zazzage a tebur. Bayan sallama, "Ina ledarki?" ce gaisuwarta.

Wata rana al'adar ta faɗo kan mahaifiyarmu. Inna ta baro Katsina ta zauna wurina saboda hawan jini. Kun san dubiya irin tamu, ba a zuwa hannu rabbana. Wannan ta kawo ragowar maganin mijinta, waccan ta kawo tsarabar Makka, ga na asibiti, ga na kemis. Inna kuwa ba ta mayar da hannun kyauta baya, duk sha take. Sai jiri, sai kumburin ƙafa, har ta yanke jiki ta faɗi wajen alwala. Yaya ta zo ta juye ledar a kan tabarma. Uku daga ciki magani ɗaya ne, kwali kawai ya bambanta, ga na ciwon gwiwa yana cin ƙodarta. Ta bar biyu, ta ƙulle sauran ta jefa a jakarta.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, saboda kunyar 'yar fari. Ni ta kalla, ta ce, "Faɗa wa waccan, rowar tata har ta kai kan wadda ta haife ta?"

Yaya ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi fushi da ni kina raye, ya fi mini."

Fushin kuwa an yi shi. Inna ta daina amsa gaisuwarta. Dangi suka yi ta bugo waya daga Katsina, wai boko ya cire wa Yaya tausayi. Na ga Yaya tana share hawaye a ƙofar gidana, don fushin uwa ba abin wasa ba ne, amma ledar ba ta dawo ba. A hankali jirin ya tafi, ƙafa ta saɓe. Inna ba ta ce na gode ba, fura kawai ta dama ta ce in kai wa waccan. Ba a rufa shekara ba haɗarin mota a hanyar Kuje ya ɗauke Yaya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ana sayar da kafso kamar gyaɗa a tasha, kowa da likitansa a waya, mutum ya sha magani kwana biyu ya ajiye saura don baƙo. Na san ranta zai ɓaci, kamar yadda nawa ke ɓaci. Amma za ta ji daɗin wasu matasan likitoci da suka fara tambaya kafin su ɗauki biro.

Ba ta bar gida a Maitama, unguwar masu kuɗi, ba, ba a sa wa wani ɗakin asibiti sunanta ba. Abin da ta bari na gan shi watan jiya, da na kai Inna asibiti. Ta tsufa ƙwarai, sai da sanda. Likita ya jawo takarda, sai ta ɗora ledarta a gabansa.

"Ɗana, duba wannan tukuna," in ji ta. "Haka Rabi ta ce."

Ran nan na fara jin sunan a bakinta. Allah ya jiƙanki, Yaya. Wadda kika yi wa rowa tana nan da ranta.