Aljihun Auta

Duk wanda ya taɓa kai wa Inna mai wanki kaya ya san halinta: ba ta tsoma riga ko wando a ruwa sai ta zazzage aljihunsa. Tun tana iya ɗaukar bokiti biyu a tare take haka, har yanzu da gwiwa ta fara yi mata gardama. Abin da ta tsinta, makulli ne, maɓalli ne, hoton wata da ba matar gida ba ne, sai ta jefa a gwangwanin madara da ke kan taga, ranar karɓar kaya ta miƙa wa mai shi ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta san asirin rabin mazan layin, amma ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya a bakinta. Matan layin har haushinta suke ji, wai zama da ita ba riba.

A aljihun ɗanta Auta ta fara ganin ƙwaya. Mai fenti ne, irin masu hawa katakon da ake kafawa a jikin dogayen benaye, da ɗamarar igiya a ƙugu. Tun yana saurayi yanayinsa biyu ne. Wani lokaci sai ya wayi gari kamar an kunna shi, ga surutu, ga dariya, zai buɗe kamfani, zai fente garin kaf, barci kuwa sai dai ya ji ana labarinsa. Can kuma abin ya sake shi, ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya, ko wanka sai an yi da gaske. A tsakanin nan ƙwayar ta samu ƙofa, 'yan jajaye ƙulle a leda, wai don ya iya tashi ya je aiki.

Inna ba ta yi masa faɗa ba, don ba ta iya ba. Abin da ta iya shi ne ta buɗe tafin hannunta a bakin kwata ƙwayoyin su zube, ta bi su da ruwan kumfa. Shekaru suka yi a haka. Shi bai taɓa tambaya ba, ita ba ta taɓa faɗa ba.

Sau biyu ana kai shi gidan raba mutane da shaye-shaye. Ya dawo fes, sai yanayin ya juyo, ya koma ruwa. Daga ƙarshe babbar yayarsa, malamar firamare ce, ba ta da wasa, ta ja shi wani asibiti. Likitar can ta ce ciwo biyu ne suka haɗe masa, na shaye-shaye da kuma na yanayi mai ɗaga mutum sama ya sake shi ƙasa, in aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, wanda aka bari shi zai dawo da ɗan'uwansa. Ta ba shi maganin da zai riƙa sha safe da yamma, ta sa masa ranar zama da masu irin lalurarsa.

Inna ba ta shiga ɗakin likitar ba. A benci ta zauna tana duban gugar rigunan ma'aikatan jinya, ba ta kuwa yaba ba. A hanya Yaya ta yi mata bayani dalla-dalla, ta ce, "To, Allah ya sa a dace." Amma abin da ya zauna mata a rai guda ne: an ɗauki ƙwaya an ba mai shan ƙwaya.

Auta ya fara barci, ya yi kumatu, ya daina alkawarin kamfani. Yaya ta ce sauƙi ne. Inna kuwa gani take ɗanta ya yi sanyi da yawa, kamar wanda aka ara musu.

Wata safiya ta sa hannu a wandonsa na aiki ta ji leda. Ta zaro ta. Farare ne, ba jajaye ba, amma ƙullin irin na da ne sak. Ba ta san kunyar abokan aiki ce ta sa ya ɓare maganin likita kaf daga kwalinsa ya ƙulle ba. Ta je bakin kwata ta yi abin da ta saba. Shi kuma da ya nema bai gani ba, sai ya ji nauyin komawa asibiti, don wa zai yarda da irinsa in ya ce ƙwaya ta ɓata? Ya yi ta cewa gobe, har ya daina ganin amfanin goben.

Da farko waƙa ce ta dawo bakinsa. Sai ya fente ƙofar gida. Ya fente bangon wajen wanki ruwan ɗorawa, ya koma ya mayar da shi kore, ya bi bokitanta ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar maƙwabci da ba wanda ya sa shi. Gadonsa kullum a gyare yake, don ba a kwanciya a kai. Inna ta yi murna ƙwarai, irin murnar da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ka ga yanzu ka warke," ta ce masa.

"Ai na faɗa musu, Inna. Ke kaɗai kike gane ni."

Ranar da abin ya fito fili, da zai fita ya jefa ɗamarar igiyarsa cikin baho. "Wanke min wannan. Ba sai kin yi sauri ba, nauyi kawai take ƙara min."

Ta laluba ta ko'ina, ba aljihu. Ta wanke ta tas ta shanya.

Da hantsi Yaya ta shigo. Ta tsaya tana kallon bangon, ta kalli bokitan, sannan idonta ya sauka a kan ɗamarar tana ɗigar ruwa.

"Inna, yaushe rabonsa da barci?"

"Lafiya ce ta yi masa yawa, 'yar nan."

"Yana shan maganinsa?"

Inna ta matse rigar da ke hannunta, ta sake matsewa, ko da yake ba sauran ruwa a ciki.

"Farare ne?" ta tambaya a hankali.

Yaya ta juya ta nufi wajen shanya. Ta cire ɗamarar daga igiya, Inna ta karɓe daga hannunta, suka fita ko ƙofa ba su ja ba.

A wurin ginin aiki ya tsaya. Leburori sun taru sun ɗaga kai sama, ɗan kwangila yana ta yi musu alama da hannu kada kowa ya yi ihu. Auta yana can a katakon ƙarshe, buroshi a hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗawa, yana fentin wurin da aka riga aka gama. Katakon yana lanƙwasa duk taku.

Inna ta ratsa mutane ta tsaya a tsakiyar rana. Ba ta kira shi ba, tana tsoron kada muryarta ta firgita shi. Ta ɗora jiƙaƙƙiyar ɗamarar a ka kamar ƙunshin wanki, ta tsaya, ruwa na bin wuyanta. Tun yana yaro bai taɓa iya ganinta da kaya a ka bai zo ya karɓa ba, kuma shi ke nan abin da ya rage mata.

Ya daɗe bai leƙo ba. Da ya leƙo sai ya yi dariya.

"Inna! Wa ya bar ki da kaya a rana?"

Ya sauko yana tsallake matakala bibbiyu, ita kuwa ba ta numfasa ba sai da ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

A motar zuwa asibiti suka sa shi a tsakiya, yana ba direba labarin kamfaninsa. Hannun Inna, da bai san wani aiki ba sai wannan, ya zame cikin aljihunsa. Ta ji leda. Ta zaro ta duba a gefen cinyarta: jajaye ne, irin na da.

Gilashin motar a buɗe yake, ga kwata tana bin gefen titi. Ta dube ta, ta dunƙule hannu, sannan ta miƙa ta bayan Auta ta danna ledar a tafin Yaya.

"Wannan karon zan shiga ɗakin," ta ce. "Ki ce wa likitar ta nuna min fararen, in san su."