Noeline, Dodanniyar da Ake Kashewa Duk Juma'a

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ni mai feraye dankali ce a kicin ɗin sansani, karatuna bai wuce firamare ba, ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Amma na jira masu bakin magana, babu wanda ya ce wa Noeline Prosser sannu.

Sansaninmu yana cikin dajin Gippsland a ƙasar Ostireliya, inda yara ke zuwa lokacin hutu su zama jarumai da maharba, riƙe da takubban soso. Kullum kafin su tashi, Noeline ta shafa toka, ta ɗaura fuskar ɓawon itace, ta bi hanya tana buga sanda don macizai su kauce. Ita ce Dodanniyar wasan. Wajen farautarta yara suka koyi bin sawu. Wajen fansar 'yan'uwansu daga hannunta suka koyi kunna wuta ba ashana.

Gidanta a wasan wata tsohuwar bishiyar turare ce mai kogo, inda baƙaƙen aku ke ƙyanƙyasa. Da gangan ta zaɓi wurin, don in aka dami tsuntsayen nan, gudu suke su bar ɗansu. Duk yaron da ya matso, sai ta nuna shi da sanda ya zama dutse. Ba ya motsi sai ya faɗi abin da ke zaune a kogon, da murya ƙasa-ƙasa.

Dokar wasa ce, Dodanniya ba ta cire fuska a gaban yaro. Ranar Juma'a a kashe ta, ta kwanta cikin ciyawa tururuwa na cizonta, iyaye na tafa wa mai fitowa a Sarki, ana gasa nama. Sai motar ƙarshe ta tafi take tashi. Yaranta na farko yau magidanta ne, babu ɗaya da zai gane ta a kanti.

Bana wani mai suna Darrell ya sayi sansanin.

"Noeline, zamanin dodanni ya wuce," in ji shi. "Lilon igiya za mu ɗaura a bishiyar nan, yara su yi ta shewa."

"Da ɗan tsako a ciki?"

"Tsuntsu ne fa, yana da fiffike."

"Kai ma kana da kai, me ka yi da shi?"

A Juma'arta ta ƙarshe Darrell ya gode wa Sarki, ya gode wa direba, har injin ba da wuta ya yaba. Ita tana kwance. Na kai mata shayi.

"Anti, tashi, sun tafi."

"Bar ni, 'yar nan, ta yau mutuwar gaske ce." Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Wannan sukari fa? Ke ma ƙarasa ni za ki yi?" Sai ta miƙo mini fuskar ɓawon. "Jefa a murhu."

Ke ce kika yarda yara su tsane ki don su so daji. Ke ce mai mutuwa ba makoki, mai tashi ba tafi. Na gode, Anti, ko da godiyar mai wanke tukunya ce. Ku kuma da kuka taɓa zama dutse a gabanta, kuna ina? Ku yi wa wata bishiya abin da ta yi wa wannan.

Ban jefa a murhu ba. Washegari da safe na shafa toka, na ɗaura fuskar, na zauna a gindin bishiyar. Ma'aikacin da Darrell ya ɗauko ya taho da tsani a kafaɗa, ƙato mai gemu, ɗan garin nan. Na ɗaga sanda na nuna shi.

Ya tsaya cak. Ashe shi ma ya taɓa zama dutse a nan.

"Baƙin aku," ya ce ƙasa-ƙasa, "da ɗansa."

Ban sauke sandar ba sai da ya ajiye tsanin.