Kwatar Zango a Zaman Manhaja

Shekarar da aka saki bakin mutane a ƙasarmu, ina ajin ƙarshe na karatun gaba da digiri a fannin injiniyan gine-gine. Kowa na magana, daga masu zemijan, wato 'yan acaɓa, har mata masu kifi a Tokpa-Hoho. Mu ma ɗalibai aka ce mu aiko da wakili zaman gyaran manhaja. Ni aka tura, wai ina da baki.

Shugaban sashenmu dattijo ne da ya yi karatu a Turai. Lissafin gadojin can yake koya mana, kuma shi zai sa hannu a kundina. Mahaifina, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ja ni gefe bayan sallar asuba, ya ce in riƙe harshena har diplom, takardar kammalawa, ya shigo hannu.

Ranar zaman, da aka zo kaina, na miƙe a gaban shugaban sashen. Na ce ƙasar Zango, unguwarmu, yashi ce zalla, kamu biyu za ka haƙa ruwa ya taso, kuma da an yi ruwan sama kwatocinmu cikin ɗakuna suke dawowa. Ban taɓa auna wannan ƙasa a aji ba. Na roƙi a tura kowane ɗalibi unguwa wata shida kafin ya rubuta kundi.

Dattijon ya cire tabarau.

"Wato abin da nake koyarwa banza ne?"

"A'a, Malam. Ni ne ban san yadda zan ɗora shi a kan ƙasarmu ba."

Mako uku ba ya amsa gaisuwata. Kundina na kan teburinsa, ko buɗewa bai yi ba. Abinci ya fita raina, na kuma ɓoye wa mahaifina.

Wata Asabar da hantsi, bayan ruwa mai ƙarfi, sai ga shi a bakin layinmu, ya naɗe wando, ruwa har ƙauri. Ya sa na yi ta zura sanda cikin kwata yana rubutawa, bai dube ni ba. Ya tambayi inda ruwan ke zuwa, na ce babu inda yake zuwa.

Wata biyu na zuwa unguwa aka amince da su, ba shida ba, kuma daga ajin da ke bayanmu. Kundina ya dawo da jan alƙalami a kowane shafi. Sai da na ƙara rabin shekara kafin na kare shi a gabansa.